Jan Zaren Ranar Talata

Idan ka kawo wa Injiniya keken ɗinki, ba ta tambayar abin da ya same shi. "Taka mu ji," ita ce gaisuwarta. Sai ka zauna ka taka, ita kuwa ta ba ka baya tana kallon bango, ta karkatar da kai kamar mai sauraron hirar maƙwabta ta jikin katanga. Kafin ka kai ƙarshen layi ta ɗaga hannu.

"Ya isa. Yaushe rabonka da ba shi mai?"

"Ai shekaranjiya na tuttula masa."

"Ka tuttula masa. Ka bar shi wata guda da ƙishirwa, sannan ka yi masa ambaliya. Ɗigo ɗaya kullum ya fi kwalba guda a mako. Kai haka kake cin abinci, sau ɗaya ranar Asabar?"

Babu telan da ke layin nan da bai haddace wannan karatu ba. Wasu ma tun daga bakin ƙofa suke fara biya shi, don su rage wa kansu faɗa.

Shagon nata ɗan tsukukun ɗaki ne tsakanin mai kwafin takardu da shagon ƙanin mijinta, wanda kowa ke kira Tela kamar shi kaɗai ne tela a duniya. Kawunan kekuna jere a kan kantoci har rufi, kowanne da takarda ɗaure a wuya. Ga gwangwanayen madara cike da noti, ga fitila mai lanƙwasasshen wuya, ga kwanon kananzir a ƙarƙashin tebur inda take jiƙa ƙarfen da ya cije. Wurin mahaifinta ta gaji aikin. Tana 'yar shekara tara ta faki idonsa ta kwance keken wani mutum, don kawai ta ga inda zaren sama yake haɗuwa da na ƙasa. Bai dake ta ba. Ya ce ta mayar da komai yadda ta same shi. Ta mayar, noti uku suka yi saura, ya sa ta sake kwancewa. Daga ranar ba ta daina kwance abubuwa ba, ba ta kuma daina tambaya ba. Mijinta, direban babbar mota, yakan ce shi mata ya nema ya samu alƙali. Shekara shida ke nan da rasuwarsa. Yaranta maza biyu aiki ya kai su nesa, 'yarta ta fari kuma tana koyarwa a wani gari mai tafiyar awa uku, har uwar ma Malama take ce mata.

Tana da wata ɗabi'ar kuma. Keke ba ya barin shagon sai ta yi layin ɗinki a farin ƙyalle ta bar shi ƙarƙashin allura. "Bakina zai iya yi maka ƙarya," takan ce, "ƙyalle bai iya ba."

Ciwon ya fara tana da shekara hamsin da huɗu. Murfin kwalbar mai ne ya fara gagararta wata safiya. Bayan mako biyu gaɓoɓin yatsunta suka kumbura suka yi ɗumi, har sai da ta sa ƙaramar filaya ta datse zobenta. In ta tashi daga barci sai ta ji hannuwan kamar na aro, a ƙage, ba sa saki sai hantsi ya dubi ludayi.

Ciwon da zafi, amma abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne bai bi doka ba. A saninta, abin da aka fi mora shi ke fara cinyewa. Hannun dama ke riƙe sukudireba shekara arba'in, to hagun me ya yi da zai kumbura a gaɓa ɗaya da ɗan'uwansa, a rana ɗaya? Sannan ƙarfen da ya gaji hutu yake so. Wannan kuwa hutu ke ƙage shi, aiki ya sake shi. Takan ɗora hannuwan ƙarƙashin fitila ta jujjuya su, ta latsa nan ta latsa can. Har ta taɓa kanga wuyan hannun a kunne tana lanƙwasawa, ko za ta ji wani abu.

Wata biyar tana ɓoyewa. Tela ne ya kama ta, shi ma da kunne. Ya saba jin ƙarar kwadon shagonta ƙarfe bakwai, sai ya koma takwas, ya koma tara. Ranar da ya leƙo, ya same ta tsaye ta matse makulli tsakanin tafukan hannu biyu tana ƙoƙarin murɗawa da dukan jikinta.

"Matar yaya, kwadon ne ya yi tsatsa ko mai kwadon?"

"Bakinka ne ya yi tsatsa. Zo ka buɗe."

Ya buɗe, ya ga yatsun, ya bar wasan. Da rana ya buga wa Malama waya.

Likitar da aka tura su wurinta yarinya ce, ba za ta girmi Malama ba. Ta bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya tana latsawa tana ƙirgawa, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Da suka koma bayan kwana goma ta ce amosanin gaɓɓai ne, amma ba irin na tsufa ba.

"Na tsufa cinyewa ce, Mama, kamar yadda kika ce. Wannan kuwa garkuwar jikinki ce, wadda aikinta yaƙar cuta, ta rikice ta koma yaƙar shimfiɗar da ke cikin gaɓoɓinki. Shi ya sa ba ruwanta da dama ko hagu."

"Me gaɓoɓin suka yi mata?"

"Ba mu sani ba tukuna."

Injiniya ta gyara zama. Ta fi yarda da mai cewa bai sani ba. "To me ya sa da safe?"

"In gaɓa ta kwana ba motsi, ruwan kumburin yakan taru ya daskare mata."

"Kamar tsohon mai a keken da aka ajiye."

"Kusan haka."

"Ana warkewa?"

"Ba a raba mutum da shi, amma ana kwantar da shi ya yi shiru, musamman in an fara da wuri. Abin da muke gudu shi ne ya ci gaɓar ta karkace, don wadda ta karkace ba ta dawowa."

Malama tana rubutawa a bayan ambulan. Uwar kuwa sai da ta kai tambaya ta goma sha ɗaya, sannan 'yar ta taɓa mata gwiwa ta ce, "Umma, akwai mutane a layi."

Magani kashi uku aka ba ta. Akwai wanda zai sauke kumburin nan da nan, amma na makonni kaɗan ne, a rage shi a hankali har a daina. Akwai babban, mai dogon suna da Injiniya ba ta ko gwada faɗa ba: ƙananan ƙwayoyi shida, a haɗiye su tare, rana ɗaya tak a mako. Likita ta maimaita, mai ba da magani ya maimaita, ya kuma rubuta Talata da jan biro a jikin kwalin. Shi wannan ba ya nuna aikinsa sai bayan wata biyu ko uku, kuma duk mako biyu sai an duba jini. Na ukun ƙwaya ce mai rage wa jiki wahalar babban. Injiniya na ganinta ta gane ta.

"Wannan ai ita aka ba ni lokacin cikin autana."

Da Tela ya ji labari ya rufe baki da hannu. "Ki ɓoye ta, matar yaya, kar 'yan layi su fara ƙirga watanni."

"Su ƙirga furfura, ta fi yawa."

Malama ba ta yi dariya ba. Da yamma, a falon uwar, ta faɗi abin da ke ranta: a rufe shago, Umma ta koma wurinta, ɗaki ma ta riga ta share.

"In yi me a can?"

"Ki huta."

"Ba ki ji likita ba? Hutu ke ƙage ni."

"Umma, kwado ma fa ba kya iya buɗewa."

Aka ja, aka ja, har Tela ya shiga tsakani. Aka tsaya a kan wata huɗu, Asabar ɗin farko ta hutun makaranta. Ranar Malama za ta zo da mota. In Injiniya ta iya yi wa keke saiti da hannunta, wato ta daidaita allura da ƙugiyar da ke cafke zare a ƙasa, aikin da ya fi kowanne son laushin yatsa, makulli ya zauna wurinta. In ta kasa, ta shiga mota ba gardama.

"Na yarda," in ji Injiniya. "Amma ba bakin kowa za mu bi ba."

Washegari ta yanko dogon farin ƙyalle. Kullum tana buɗe ido, kafin ta taɓa ruwan ɗumi, sai ta kunna rediyo, ta zura zare a allurar hannu, ta yi layi ɗaya mai tsawon tafin hannu. Ranar shan babban magani sai ta ƙulla jan zare a ƙarshen layin. A ranar farko har aka gama labaran duniya, aka yi hasashen yanayi, aka shiga wasanni, zare bai shiga kafar allura ba. Layin da ta yi daga baya kuwa kamar sawun kaza a taɓo.

Kwana huɗu da fara maganin kumburi ta zura zare kafin mai labarai ya gama karanta kanu. Ta buɗe kwado da kanta, ta buga shi a jikin ƙofa don Tela ya ji. Amma da aka fara rage ƙwayar sai layukan suka sake karkacewa, shi kuwa babban bai ce uffan ba. Abin da kawai ya iya shi ne ya kwantar da mutum ranar Laraba: tashin zuciya, kai ya yi nauyi, ko warin kananzir ba ta iya shaƙa. Laraba huɗu a jere shago a rufe.

A Laraba ta huɗun, tana kwance tana kallon silin, amsar ta zo mata a sarari, har ta ji kunyar daɗewar da ta yi ba ta gano ba. Ƙwaya shida a tashi ɗaya, sannan kwana shida ba ko ɗaya. Wannan ai shi ne abin da take yi wa teloli faɗa a kai shekara da shekaru: ƙishirwa, sai ambaliya. Dole zuciya ta tashi, dole aiki ya yi nawa. Ba ƙari za ta yi ba, ba ragi. Shidan nan dai, ɗaya kullum, ta bakwai a huta. Ta ƙudura za ta gaya wa likita in sun haɗu, har tana hango yadda yarinyar za ta riƙe baki.

Da Talata ta zagayo ta fara. Laraba ta zo ta wuce shago a buɗe, Injiniya tana ta yi wa kanta kirari a zuci. Kafin mako ya cika cikin bakinta ya fara fashewa, a leɓe da gefen harshe, ko shayi sai ya huce take iya kurɓa. Maƙogwaro ya kama, gajiya ta sauko mata irin wadda ba ta taɓa sani ba. Tela ya lura da shirun.

"Yau kwana uku ban ji an yi wa kowa faɗan mai ba. Lafiya?"

Ta nuna masa bakinta.

"Ikon Allah. Ashe wannan ma yana da magani."

Amma ranar gwajin jini shi ya ajiye ɗinki ya raka ta, don ya ga tana tafiya tana dafa bango.

Likita ta haska cikin bakin ta duba. Injiniya ba ta iya doguwar magana, don haka ta ciro ƙyallen daga jaka ta shimfiɗa a tebur, ta bar shi ya yi bayani. Likita ta yi murmushi, ta ce ba ta taɓa ganin mara lafiya mai kawo shaida irin wannan ba. Ta ɗora yatsa a layin farko.

"Wannan jan zaren fa, Mama?"

"Ranar babban magani."

Yatsan ya gangara. Ja ɗaya, layi shida babu. Ja ɗaya, layi shida babu. Can ƙasa kuma ja, ja, ja, shida a jere, aka tsallake ɗaya, sai wasu uku. Ta ɗago kai, murmushin ya tafi.

"Kullum kike sha?"

"Ɗaya-ɗaya. Ban ƙara ko ɗaya ba. Ɗigo ɗaya kullum..."

"Ya fi kwalba guda a mako," Tela ya ƙarasa daga bakin ƙofa, a hankali, kamar mai biya karatun da ya yi nadamar haddacewa.

Likita ba ta yi faɗa ba, gaggawa ta yi. Sakamakon jini ya fito kafin azahar: ƙwayoyin jinin da ke kare jiki sun yi ƙasa, hanta ta fara ƙorafi. Aka ba ta gado na kwana biyu, aka ba ta maganin da zai karya ƙarfin wancan, aka dakatar da babban sai jini ya dawo daidai. "Da kin ƙara mako ɗaya ko biyu a haka," in ji likita, "da maganar da muke yi yanzu daban ce."

A rana ta biyu, da baki ya ɗan lafa, tambaya ce ta fara fitowa daga cikinsa.

"Likita, shida ai shida ce. Me ya raba ta Talata da ta kullum?"

Likita ta jawo kujera. "Maganin nan birki yake taka wa duk abin da ke saurin sabuntawa a jiki. Masu yaƙar gaɓoɓinki suna ciki, amma fatar cikin baki da ta hanji da ɓargon da ke yin jini su ma suna ciki. In aka sha sau ɗaya, zai yi aikinsa ya fita, su kuma su samu kwana shida su farfaɗo. In kullum ne, ko kaɗan ne, ba su da ranar farfaɗowa."

Injiniya ta yi kasaƙe, ta karkatar da kai yadda take yi wa keke.

"Ashe kananzir ne."

"Na'am?"

"Ni na ɗauka mai ne. Ƙarfen da ya cije, a kananzir nake jiƙa shi, sau ɗaya, in tsame in bar shi ya bushe. In ka riƙa zuba masa kullum, ya wanke man, ya ci robar, ya bar maka keke ƙeƙasasshe. Kwana shidan nan ba ƙishirwa ba ce, shanya ce." Ta girgiza kai. "Kun ce sau ɗaya a mako, kun maimaita. Ba wanda ya ce min don me."

"Gaskiyarki. Amma ke da kika yi min tambaya goma sha ɗaya, wannan ba ki yi ba."

"Na ɗauka na sani. A nan na faɗi."

Malama ta iso da la'asar, alli bai gama fita daga hannun rigarta ba. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi faɗa ciwo.

"Umma, ciwon bai kai ki gado ba, dabararki ta kai ki. Maganar wata huɗu ta tashi. Daga nan sai gidana."

"Wata huɗu muka ce. Saura biyu da rabi."

Malama ta juya ga Tela. "Baffa, ka gani fa."

"Na gani, 'yata. Amma magana ce aka yi a gabana, ba zan ce ban ji ba. Daga yau dai kwalin yana shagona. Talata ta zo in ƙirga shida in miƙa."

"Ni kuma in kira in ji an haɗiye."

"Mutum biyu a kan ƙwaya shida," in ji Injiniya. "Ko fursuna bai samu gadi haka ba."

Mako uku aka yi kafin jini ya dawo, kuma a cikinsu hannuwan suka koma gidan jiya. Kwana biyu zare ya ƙi shiga allura sam. Ta bar gurbinsu fari a ƙyallen, ba ta cike daga baya ba. Da aka mayar da ita kan babban magani, likita ta ce ta sha bayan abincin yamma, ta kuma ƙara mata ranakun shan ƙwayar nan mai rage wahalarsa. Laraba ta yi sauƙi, ko da yake ba ta zama ranar daɗi ba.

Tun da ba za ta taɓa magani ba, sai ta huce a kan kayan aiki. Ta yanka tsohuwar robar tayar keken hawa ta naɗe mariƙin kowace sukudireba har ya kai kaurin gorar ruwa, yadda tafin hannu zai kama ba sai yatsu sun matse ba. Ta zura dogon ƙarfe a kan makullin shago, ta riƙa murɗawa kamar famfo. Ta mayar da buɗe shago ƙarfe goma, bayan hannuwa sun sha ruwan ɗumi a roba tana matsa soso a ciki. Ɗaga kan keke kuwa ta bar wa mai keke. Har ta yi mako biyar tana ƙulla shuɗin zare a ranakun hadari, don kowa na ce mata sanyi ne ke tayar da ciwon. Da ta duba, wasu munanan layukan suna da shuɗi, wasu ba su da shi.

"Ƙyalle ya ƙi ba da shaida," ta gaya wa Tela, ta ajiye shuɗin zaren.

A mako na bakwai da komawa magani, zare ya shiga allura ana tsakiyar labaran duniya. Washegari ma haka. Bai kai kwanakin maganin kumburi ba, amma wannan bai zo da niyyar tafiya ba.

Asabar ɗin alkawari Malama ta faka mota a ƙofar shago ƙarfe goma da rabi, but ɗin kaya na baya a share. Tela ya rungumo kan kekensa ya ɗora a tebur, yana rantsuwa cewa da kansa ya fara tsallake ɗinki, ba shi ya lalata shi don a samu jarrabawa ba.

"Taka mu ji."

Ya taka. Ta ba shi baya.

"Ƙugiya ce ke makara. Allura ta zo ta tafi sannan take isowa."

Aka kwantar da kan keken, ta jawo fitila. Ƙananan noti uku ke riƙe da ƙugiyar. Na farko ya saki. Na biyu ya yi gardama sannan ya saki. Na uku ya ƙi. Ta gyara tsayuwa ta sake gwadawa, ta haɗa da hannun hagu, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Wuyan hannun ya ce shi iyakarsa ke nan. Ta ajiye sukudireba.

"Wannan ya fi ƙarfina," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Malama, kama."

"Umma, da hannunki muka ce."

"Na sani. Kama dai, kar keken bawan Allah ya kwana a buɗe. Mota ba guduwa za ta yi ba."

Malama ta karɓa. A shagon nan ta yi rarrafe, hannunta bai manta ba, murɗa ɗaya notin ya saki. Injiniya ta sunkuya har hancinta na neman taɓa ƙarfe. Ta riƙa juya wilin gefen keken da tafin hannu a hankali, kan yatsanta ɗaya a jikin ƙugiya, tana matsar da ita kaurin gashi, ta dawo, ta sake matsarwa, har bakin ƙugiyar ya sadu da allura daidai saman kafa. Ta ɗaure noti biyu da kanta, ta nuna wa Malama na ukun da haɓa.

Tela ya taka. Ƙarar ta fito sumul, layin ya miƙe a farin ƙyalle ba tsallake ko ɗaya.

Injiniya ta goge hannu, ta ciro makulli mai dogon ƙarfe ta ajiye a gaban 'yarta. "Noti ɗaya ya gagare ni. Magana magana ce."

Malama ba ta ɗauka ba. Idonta yana kan dogon ƙyallen da ke rataye a ƙusa. Ta sauke shi ta warware, ta bi shi daga sama: sawun kaza, kyawawan kwanaki kaɗan, koma baya, jan zare a cunkushe, gurbi biyu farare, sannan layuka suna miƙewa kaɗan-kaɗan kamar mai tashi daga jinya.

"Tun da shaida ake bi, 'yata," in ji Tela, "yi naki layin a ƙasa mu gani, ke mai lafiyayyen hannu."

"Baffa, ni ba tela ba ce."

"Ita ma ba tela ba ce."

A gwaji na uku zare ya shiga mata. Ta yi layinta tana cije leɓe. Tela ya sa tabarau, ya ɗaga ƙyallen wajen haske, ya daɗe yana dubawa kamar mai yanke hukunci.

"Nata na yau da safe ya fi naki. Na makon jiya ma ya fi. Kin dai ɗara na ranar da aka ba ta gado."

Dariya ta kuɓuce wa Malama, ta yi sauri ta haɗiye. "Noti ɗaya cikin uku, Umma. Gobe in ya cije wa zai buɗe miki?"

"Mai keken. Hannu yana da shi, kunne ne babu."

"Kwalin magani yana nan wurin Baffa."

"Yana nan."

"Hutu na gaba zan dawo in duba ƙyallen. In ya koma baya fa?"

"Sai mu tambayi likita don me. Ta ce in wannan ya gaza akwai wani a gaba, na allura ne. Ina ma son in ji yadda shi yake aiki."

"Umma."

"Tambaya kawai zan yi."

Malama ta ɗan jima tana juya makullin a tebur da yatsa, tana kallon ƙarfen da aka zura masa. Sannan ta tura shi gaban uwar, ta ce a samo mata ruwa, hanya da nisa.

Ran Litinin ƙarfe goma da 'yan mintoci aka ji ƙarar kwado. Wani tela daga bayan layi ya shigo da kan keke a kafaɗa, ya ɗora a tebur da kansa, ya taka, aka ɗaga masa hannu. Yaushe rabonsa da ba shi mai? Ya fara kame-kame.

"Ɗigo ɗaya kullum ya fi kwalba guda a mako," in ji Injiniya. Ta ɗan tsaya. "Keke nake nufi."

Mutumin ya dube ta, bai ga abin da kuma za ta nufa ba. Ta jikin bango muryar Tela ta taso.

"Gobe Talata, matar yaya."

"Na sani," ta ce, ta miƙa wa mutumin sukudireba mai kaurin mariƙi. "Ka ga notin can na ƙasa? Sassauta min shi, sannan ka matsa ka ba ni haske."